Tafiyar Neman Dije ta Biyu

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta shigo gidana a Kazaure, kafin ta gama cire takalmi sai ta ce, "Saratu, ina cukunmu? Ina dabino?" Malaman makarantar da na taɓa koyarwa har sun laƙaba mini Madam. Ni kuwa sai in yi yaƙe in ce hanya dai lafiya, alhamdu lillahi. Wannan amsar ta ishe ni, domin rabin gaskiya ce. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, mai tambaya ya karanta, ni ma in sauke abin da ke raina. Ba yawon buɗe ido na je ba. Wata mata na je nema, wadda ni ce silar ɓatanta alhali ban taɓa ganin fuskarta ba.

Dole in fara da aikina, don har yau in an tambayi mahaifiyata cewa take yi, "Tana dai danne-danne." Shekara tara ina koyar da kwamfuta a sakandaren 'yan mata kafin wata ƙungiyar lafiya ta ɗauke ni. Ƙungiyar tana kula da masu hawan jini da ciwon siga da farfaɗiya a ƙauyuka da rugagen bakin iyaka, ɓangarenmu da na Nijar. Kowane marar lafiya yana da kati a rumbun bayanai guda cikin kwamfuta. Mai shiga rumbun yana fita kuwa ba mutum ba ne, manhaja ce ta ƙirƙirarriyar basira, mu dai Ɗan Aike muke ce masa. Shi yake fitar da jerin waɗanda za a kai wa magani gida kowane wata, shi yake buga waya ya tuna wa masu zuwa da ƙafarsu, shi yake gyara rumbun in ya ga an rubuta mutum sau biyu.

Ɗan Aike ba ya iya komai sai da kayan aikin da aka ba shi: wannan na neman suna, wannan na buɗe sabon kati, wannan na canza lambar waya. Kowanne an rubuta masa ɗan bayani, kuma da bayanin nan kaɗai yake sanin abin da zai ɗauka da lokacin da zai ɗauka. Kamar baƙo ne da ya iya karatu amma bai taɓa ɗanɗana gishiri ko sukari ba, aka tura shi kicin. Abin da aka rubuta a jikin gwangwani shi zai bi. Aikina in karanta waɗannan bayanai in ba su maki daga ɗaya zuwa biyar. Ya faɗi abin da kayan yake yi? Ya faɗi abin da za a ba shi da abin da zai dawo da shi? A taƙaice yake? Wannan ta ƙarshen ita na fi ƙauna. Duk wanda ya san ni ya san cewa ni da dogon surutu ba ma ga maciji, ɗalibaina sun sha jan biro a kan haka.

Akwai wani kayan aiki da bayaninsa layi ɗaya ne tak: "Yana haɗa kati biyu na mutum ɗaya su zama ɗaya." Na karanta na ji daɗi, na ba shi biyar, har na rubuta a gefe cewa sauran su yi koyi da shi. Ban tambayi abin da yake faruwa da kati na biyu ba. Ashe wanda ya fi cika yake riƙewa, ya shafe ɗayan gaba ɗaya, kuma ba a dawo da shi. Bayanin bai faɗi haka ba, bai kuma ce a tambayi mutum kafin a haɗa ba.

Bayan wata biyar aka sa ni in bi sawun ayyukan da Ɗan Aike ya yi, don a ga ko makin da muka bayar ya dace da aikin. A nan na ci karo da Dije Bello. Kati biyu, suna ɗaya, sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya ga Janairu a shekara ɗaya, duka an buɗe su a Magariya. Ya haɗe su. Katin da ya rage na mai hawan jini ne, har da lambar waya. Amma lambar katin da aka shafe na gan ta a tsofaffin jerin masu karɓar maganin farfaɗiya, wata bayan wata, sai ta ɓace daga watan da aka yi haɗin. Na buga wayar. Wani mutum ya ɗauka, ya ce mai ɗakinsa ta rasu tun kafin azumin bara. Na koma kan jerin, na ga an ci gaba da karɓar maganin farfaɗiyar har wata bakwai bayan haka. Mamaci dai ba ya shan magani. Su biyu ne, kuma ɗayar tana wani wuri wata biyar babu ƙwaya ko ɗaya, ga shi yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya abu ne mai hatsarin gaske.

A ranar aka dakatar da kayan haɗin, amma wannan bai dawo da Dije ba. Inda take ya shafe tare da katin. Ma'aikacin da yake kai mata maganin ya bar aiki ya tafi neman kuɗi Aljeriya, wayarsa ba ta shiga. Abin da ya rage shi ne littafin rajista na takarda a Magariya, su kuwa suka ce ba sa karanta sirrin marar lafiya ta waya, kuma sun yi gaskiya. Maigida ya ga kwana biyu ina wasa da abinci, sai ya ce, "Je ki, amma ba ke kaɗai ba." Ofis suka haɗa ni da wata ma'aikaciyarsu ta Babura mai jin Fulatanci, Hajiya Talatu.

Na bar Kazaure da sassafe a ƙaramar mota, mu huɗu a baya, kwamfuta a cinyata, zabi biyu na maƙwabcina a kan ƙafata. An gama girbi, ko'ina buhunan riɗi ne da zoɓo a bakin titi. Mun wuce Ɗambatta lafiya, dab da Kanya Babba taya ta yi ƙara. Direba ya buɗe bayan mota ya daɗe yana kallon safayarsa, sannan ya ce, "Ita ma ashe ba ta da lafiya." Awa biyu muka yi a gindin darbejiya. Mai zabi ya tambaye ni ko asibiti zan je, wai ya ga ina ta duba agogo kamar mai jinya. Na ce masa kusan haka ne.

Hajiya Talatu ta doshi sittin, doguwa, mai jiki, uwarta Bafulatanar Roni ce. Na isa na same ta ta shirya jaka, na ce alhamdu lillahi sai tafiya. Ina! Ta zaunar da ni ta fara gaisuwa. Ta tambayi maigida, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi mahaifiyata da garinsu da unguwarsu, ba ta tsaya ba sai da ta gano ƙanwar kakata ta taɓa aure a layinsu. Ni dai ina ta "lafiya lau, lafiya lau" ina satar kallon hannuna.

"'Yar nan," in ji ta, "agogon nan ba shi zai nemo miki mutum ba. Ci ɗanwaken nan tukuna."

Na ci don kunya, raina yana tafasa. A zuciyata na ce da bayanin kayan aiki ce, ɗaya zan ba ta.

A Babban Mutum muka sauka muka bi layi da takardunmu. Ɓangarenmu ba a daɗe ba. Da muka tsallaka, jami'in can ya fara da Faransanci, ya ga na yi zuru, sai ya juya Hausa tas, ya ce in buɗe jaka. Ya ga kwamfuta ya tambayi aikina. Na fara bayani na rumbu da manhaja da maki, ina gani idonsa yana ƙanƙancewa. Hajiya ta matso ta ce, "Ranka ya daɗe, malamar makaranta ce, amma inji take yi wa jarrabawa." Ya yi dariya ya ce, "To yana ci kuwa?" Na ce wani lokaci malamar ce take faɗuwa. Ya ɗauka raha nake yi. Sai aka zo kan ƙwayoyin da ke jakar Hajiya, aka nemi takardar izini. Ta zazzage jakar kaf: goro, carbi, man zafi, hoton jikarta, babu takarda. Ni har na fara hango mu a hanyar komawa. Can ta dafa kai ta ce, "Af!" ta kwance ɗankwali, ga takardar a ninke a ciki, wai don kada ta ɓata.

Tun daga nan wayata ta ɗauke, layinmu ba ya aiki. Na ji kamar an cire mini ido ɗaya. Hajiya kuwa ko a jikinta, ta riga ta ƙulla hira da wata mai kai tabarmi kasuwa.

Mun shiga Magariya bayan azahar. Garin bai yi mini baƙunta ba, Hausa ɗaya, sallama ɗaya, sai dai kalmomi suna ta yi mini ƙafar ungulu. Na tambayi asibiti aka ce ai likita nake nufi, su wurin suke kira haka. Littafi kaye ne, ɗakin ajiya mangaza. Mai riƙe da littattafan ƙungiyar wata siririyar mata ce mai tabarau, Madam Zainabu. Ta karanta takardarmu daga sama har ƙasa, ta buga hatimi biyu, sannan ta yi murmushi ta zama wata mutum daban. Mutanen can suna girmama hatimi fiye da mu, har na yi sha'awarsu.

Mangazar cike take da kwalaye, an ɗaure su da igiya, kowanne da shekararsa a jiki. Muka zauna a ƙasa mu uku muna buɗawa. Lambobinsu sun ba ni wahala, ɗaya ɗinsu da ƙugiya kamar bakwai ɗinmu, bakwai ɗinsu kuma da ɗamara a tsakiya. Sau biyu ina ihun na samu, Madam ta leƙo ta girgiza kai. Wajen la'asar ita ce ta samo Dije biyun, shafi goma sha wani abu tsakaninsu.

A gaban shekarar haihuwar kowacce akwai wata 'yar kalmar Faransanci. Na tambaya. Madam ta ce, "Wajen ke nan. An haife ta wajen shekara kaza. Mu in mutum bai san ranarsa ba, ba mu yi masa ƙarya. Mu dubi huska mu ce wajen."

"To yaya aka yi suka zama ɗaya ga Janairu?"

"Injinku ne ba ya karɓar wajen. Sai an ba shi rana da wata. Aka ce mu yi yadda kuke yi."

Hajiya ta kwashe da dariya ta ce, "Ni ma ɗaya ga Janairu aka haife ni. Da ni da Alhaji da rabin Babura." Ni ban yi dariya ba, don ni ma na sani. Tun ina malama nake cika wa ɗalibai takardun jarrabawa da wannan ranar. Na san rugage cike suke da Dije da Bello. Duk na san wannan, amma ranar da nake ba layin nan maki biyar ko sau ɗaya bai faɗo mini ba. Wanda ya rubuta bayanin yana wata ƙasa mai nisa, bai san mu ba, yana da uzuri. Ni aka ɗauka don na san mu.

Dije ta biyu ba ta da waya, ba ta da miji a rubuce. An sa sunan uwarta, Inna Wuro, mutanen Arɗo Sambo. A gefen shafin kuma akwai rubutun hannun Madam, ta fassara mana: a kai mata gida, a ba uwar a hannu, kada a ambaci ciwon a gaban mutane. Wannan bai taɓa shiga kwamfuta ba, babu gurbinsa. Na tambayi inda mutanen Arɗo Sambo suke yanzu. Madam ta ce da damina dai suna arewa da garin, amma yanzu sun tashi, sai dai mu tambayi mijin marigayiyar, don matan biyu sun san juna.

A gidan Madam muka sauka, ta ƙi ko jin zancen masauki. Aka kawo dambun zogale da mai da albasa, da wani dogon burodi mai tauri da ya kusa tafiya da haƙorin Hajiya. Ta juya shi ta ce, "Wannan na ci ne ko na korar akuya?" Da safe kuwa ita ta cinye rabinsa da shayi. Su a tsakar gida suke kwana, kowa da gidan sauronsa a kafe, mu da muka saba kulle kanmu a ɗaki sai abin ya zame mana sabo. Kafin a karya na buɗe kwamfuta na sake rubuta bayanin nan. Na sa cewa yana shafe kati ɗaya har abada, cewa suna da ranar haihuwa ba hujja ba ne a ƙasarmu, cewa ɗaya ga Janairu yana nufin ba a sani ba, cewa kada a taɓa shi sai ma'aikaci ya gani da idonsa ya yarda. Ya kusa cika shafi. Da wata biyar baya aka kawo mini shi, da na tsaga shi da jan biro.

Ƙauyen Malam Buba, mijin marigayiyar, ba nisa, amalanken shanu ya ƙarasa da mu. Muka same shi a gindin aduwa yana gyaran igiya, siririn mutum mai sanyin magana. Muka yi masa ta'aziyya. Ya hura gawayi ya ɗora shayi, irin nasu na ƙananan kofuna da ake yi hawa uku, kuma ba a tashi sai an sha na ukun. Ina ta mutsu-mutsu, Hajiya ta taka mini ƙafa.

A kofi na biyu ya fito da wayarsa ya ce, "Duk farkon wata tana kira. Muryar mace. Ta faɗi sunan, ta ce maganinki ya iso." Ya juya wayar a hannunsa. "Ranar farko yar da wayar na yi."

Na ce ya yi haƙuri, ba a rubuta rasuwar ba ne, yau za a rubuta, kiran zai daina.

"Ko za ku bar shi?" Ya faɗa yana kallon gawayin. "Shekara goma sha shida muna tare, ban taɓa kiran sunanta ba, mu ba ma yi. Yanzu kuma babu mai kiransa sai wannan."

Hajiya ce ta yi masa bayani a hankali, da Fulatanci, doguwar magana da ban ji ko kalma ba sai sunan Dije sau biyu. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai ya koma Hausa don ni.

"Takwararta ke nan, 'yar Inna Wuro. To ku gyara. Mai rai ta fi buƙatar sunan."

Ya ce mutanen Arɗo Sambo da an gama girbi suke gangarawa Najeriya cin kara, tsakanin Gwiwa da Roni. Na dubi Hajiya, ta dube ni. Gwiwa! Na tsallake iyakar ƙasa ina neman matar da take bayan gidana.

Komawar ba ta da labari, ko kuma ni ce ban ga komai ba. Mun kwana Babura, washegari muka biyo ta Kazaure ko gida ban leƙa ba, muka faɗa Gwiwa ranar kasuwarta. Na ce wa Hajiya mu je wurin mai unguwa mu faɗi sunan da ciwon a nuna mana, minti goma an gama. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ki tona musu asirin da suka shekara suna rufewa, a tsakiyar kasuwa? Ba ki ji abin da aka rubuta a gefen littafi ba? Zauna nan ki riƙe jaka."

Ta shiga cikin masu nono ta baje. Ta sayi fura wurin wannan, ta taya waccan yaba ɗiyarta, ta tambayi shanu da ruwa da wanda ya yi aure bana. Ina zaune a kan benci ina cizon leɓe, rana tana dukana, wani mai gyaran keke yana ta tambayata ko baƙuwa ce. Sai da aka fi awa guda sannan na ji ta jefa sunan Inna Wuro, kamar wadda ta tuna wata tsohuwar ƙawa. Wata mai ƙwarya a gabanta ta ɗago kai, kuma da Hausa ta amsa, don haka na ji da kunnena.

"Wadda 'yarta ta faɗa wuta?"

Ban san na miƙe ba sai da jakar ta faɗi. Hajiya ba ta juyo ba. Ta ci gaba da tambaya da murya ɗaya, ta ji cewa kwana ashirin ke nan, ta ji cewa da rai, ta ji hanyar rugar. Sannan ta zo ta kama hannuna ta ce, "Ki riƙe kanki. Ba gidan makoki za mu ba."

Babura biyu suka kai mu ta cikin gonakin da aka girbe, shanu suna ta cin kara. Bukkoki ne shida ko bakwai. Inna Wuro tsohuwa ce 'yar ƙarama, tana ganin jakar Hajiya ta gane ta, irin wadda wancan ma'aikacin yake ratayawa ce. Ta tafa hannu ta yi ta godiya, ta shimfiɗa mana tabarma, ta dama fura. Godiyar nan ta fi zagi ciwo a wurina.

Dije tana zaune a cikin bukka, ta jingina da zana. Ba za ta wuce ashirin da biyar ba, duk da abin da aka rubuta. Kyakkyawa ce, da kitsonta tsaf, wata ta yi mata. Hannayenta biyu a naɗe suke har gwiwar hannu, ta ɗora su a kan cinya. Uwar ta ce shekara biyu tana shan maganin ba ta faɗi ba ko sau ɗaya, har ta fara kai nono kasuwa. Da ya yanke, wata na biyu ciwon ya dawo. Ranar tana dafa dawo, babu kowa kusa, ta kifa da hannu biyu a murhu. Sun kai ta asibiti a Kazaure ta kwana goma, suka ce wa ma'aikatan santsi ne ya kwashe ta. Asibitin nan kullum ta gabansa nake wucewa in zan kai yara makaranta.

Hajiya ta tambaye ta don me ba su je sun nemi maganin ba da suka ga shiru.

"Mun ce aikin ya ƙare," in ji Inna Wuro. "Ai haka suke yi, su zo shekara biyu su tafi. Wanda aka yi wa kyauta ba ya bin baya ya ce ina saura."

A nan na kasa. Na ce, "Inna, aikin bai ƙare ba. Laifina ne. Ni aka ba in duba wani rubutu, na ce ya yi alhali bai yi ba, shi ya sa sunanta ya fita." Hawaye suna zuba, ban ma damu da sharewa ba. Hajiya ta fassara mata. Tsohuwar ta daɗe tana kallona, na ga ba ta gane rubutun me ba ne, ba ta kuma ga yadda rubutu zai ƙona mutum ba.

"Ke kika tura ta wutar?"

"A'a, Inna."

"To sha furarki, ɗiyata. Kin sha rana."

Na ɗauki ludayin na kai baki, na sake ajiye shi. Na so ta yi faɗa, na so ta kore ni, ko na samu abin da zan ɗauka in tafi da shi.

Hajiya ta fita neman inda waya take kamawa, ta yi magana da likitan ƙungiya a kan yadda za a sake fara maganin, ta dawo ta ƙirga ƙwayoyi ta yi wa uwar bayani sau uku. Ta kwance naɗin ta duba ƙunar, ta wanke ta sake naɗewa. Ni na kau da kai, amma na riga na ga yatsun. Sannan ta ciro littafin karɓa da 'yar tawadar dangwale, yadda ta saba yi shekara da shekaru, ta buɗe shafi, ta miƙa hannu za ta kama babban yatsan Dije. Sai ta tsaya cak. Inna Wuro ta matso ta dangwala nata.

Tun zuwanmu Dije ba ta yi magana ba sai amsa gaisuwa. Muna haɗa kaya ta ɗago ido, ni ta kalla, ta yi magana da Hausa a hankali.

"Wata mai zuwa ma za a zo?"

Na ce, "Za a zo, in sha Allahu. Ni da kaina zan tabbatar."

"Haka wancan ma ya ce."

Ba da fushi ta faɗa ba. Ta mayar da kanta jikin zanar ta lumshe ido. Daga rugar zuwa ƙofar gidana, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba.